Ba Zan Riƙe Miki Nasiru Ba

Yalwa, Rano.

Zuwa ga 'yata Hafsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki da mutanen gidanku na Durba baki ɗaya. Yaya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya. Yaya kuma angon nawa, sarkin ƙin barci? Allah ya sa tafiyar nan taku ta Minna ta zama alheri, ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri.

Takardar nan na cusa ta cikin ƙullin kuka da daddawar da na aiko miki, don na san in a waya ne, kafin in kai ƙarshen magana kin sa min kuka, ni kuma na hau faɗa, mu tashi babu wanda ya fahimci wani. Rubutun nawa na makarantar manya ne, ki yi haƙuri da shi. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki fara.

Na san kina fushi da ni. Ranar Juma'a kin zo tare da surukarki Hajiya, kin zo da Nasiru da jakar kayansa, har da takalminsa na Sallah. Kika ce, "Inna, ki riƙe min shi, wallahi na gaji. Yaro shekara uku ba ya barci sai ya ga bayan kowa. Ga ciki, ga baƙon gari, ban san kowa a can ba." Hajiya ta ɗora da cewa ai ɗan fari dama na kaka ne, a bari barci ya ɗauke shi ku sulale, in ya farka ya yi kukansa ya gama. Ni kuma na ɗauki jakar na fita na sa ta cikin adaidaitar da ta kawo ku. Kin tafi ko sallama ba ki yi min ba.

Abin da ake faɗa ya dawo kunnena. Wai na zama 'yar boko da tsufana. Wai ba ni da tausayi. Har wata ta ce ƙyashin tuwon da jikana zai ci nake yi. Su faɗa, bakinsu ne, ko a jikina. Ba zan riƙe shi ba. Abin da ya sa ma na zauna rubutu shi ne na ji Hajiya ta ce tunda na ƙi, ita za ta riƙe shi a Durba. Hajiya mutuniyar kirki ce, ba ni da abin faɗa a kanta, amma kada ki yarda. Ki tafi da ɗanki.

Bari in ba ki labarin yayanki Auwalu. Ee, na rubuta sunan ɗan farina, wanda zai riƙe baki ya riƙe. Shekara da shekaru ina ce masa "wancan" ko "yaron nan", sai ka ce a kasuwa na tsince shi. Lokacin da na haife shi muna gidan kakanninku a Dawaki, alkunya ta hana ni ko kallonsa a gaban mutane. In ya fara kuka da magariba, ina jin nono yana zubo min, amma sai in ci gaba da tuƙin tuwo har sai kakarku Iya ta ce, "Ke, ajiye muciyar nan ki zo ki ba shi." Ana ta yabona, wai yarinyar nan akwai kara. Ni kuma ina jin daɗin yabon.

Da babanku, Allah ya jiƙansa, ya sami shagon ɗinki a cikin Rano, za mu tashi daga Dawaki, sai aka ce a bar Auwalu wurin Iya. Babu wanda ya tambaye ni, kuma ko an tambaye ni kunya ba za ta bar ni in ce a'a ba. Ranar tashi na goya shi ina ta zagaya tsakar gida har ya yi barci. Na kwance majanyi a hankali, na kwantar da shi a gadon Iya, na fita da sanɗa. Daga baya Iya da bakinta ta ba ni labari, tana dariya. Ta ce yaron nan ya ƙi barci, da an yi sallar isha sai ya je bakin zaure ya zauna, in barci ya kayar da shi a ɗauko shi, yana jin an taɓa shi ya farka ya koma. Na taya ta dariya. Da na je ganinsa kuwa, bayan Iya ya ɓuya. "Yaya" ya taso yana ce min, har yau kuma bai canza ba, ke shaida ce.

Kin zaci na yi hankali daga nan? Ina. Bara da kika tashi yaye Nasiru, wa ya zo Durba ya ce a bi al'ada, a kai shi gidan kaka? Ni ce. Ya yi barci a bayanki, kika kwance goyon, na karɓe shi na goya, na hau mota. Yaro ya rufe ido yana jin ɗumin uwarsa, ya buɗe ido a Yalwa yana kallon rufin ɗakin da bai sani ba. Na cika shi da kunu da ƙuli-ƙuli, na ce ai ya manta. Da na mayar miki da shi aka yi ta murna ya yi ƙiba.

Yanzu ki faɗa min gaskiya. Kafin yayen nan, kin taɓa kawo min ƙarar barcin Nasiru? Yaron da ko ana daka a kusa da kansa ba ya motsi?

Na ji masu cewa iska ce, a yi masa hayaƙi, wasu su ce baki ne. Addu'a ba ta da laifi, ki yi ta yi. Amma ni na san abin da ke damun yaron nan, don da hannuna na sa masa shi. Ba barcin yake ƙi ba. Ya gwada shi sau ɗaya ya tashi babu ke, shi ya sa yake gadinki. Da na kwana a wurinki da ƙaramar Sallah na zuba ido na gani. Idonsa ya yi jawur, kansa yana rinjaya, amma hannunsa na damƙe da bakin zaninki. Kika zare a hankali za ki je wanke-wanke, ya zabura ya ce, "Umma, ina za ki?" Kika ce, "Ba inda za ni," alhali kina tsaye da kwanuka a hannu. To wannan yaron ne ake so a sake bari ya yi barci a gudu a bar shi, wannan karon ma ba zuwa Durba ba, zuwa Minna. Ni dai ba da ni ba. Na yi sau biyu, ya ishe ni.

Don haka abu na farko, ki daina yi masa sanɗa. In za ki tashi ki faɗa masa. Ki ce, "Zan je in wanke kwano in dawo." Zai yi kuka, ya yi. Ki je, ki bar ƙofa a buɗe, ki riƙa magana ko 'yar waƙa yadda zai ji muryarki, sannan ki dawo kamar yadda kika ce, ko da kin tarar ya yi barci. Da safe ki ce masa, "Ka ga na dawo, ka ga ina nan." Da farko ki zauna kusa da shi, hannunki a bayansa. In ya fara sabawa ki koma bakin gado, daga nan bakin ƙofa. Kada ki yi gaggawa. Abin da muka ɓata da yamma ɗaya ba da yamma ɗaya zai gyaru ba, kuma kwanakin farko a sabon gida sai abin ya fi haka, ki sa wannan a ranki tun yanzu don kada ki ce Inna ta yaudare ki.

Ke kuma kuskuren da na yi a kanki daban ne. Da na ga yadda ta kaya da Auwalu, ke ban ba kowa ke ba, amma haƙurina kaɗan ne. Lokacin ina suyar ƙuli-ƙuli, tun asuba nake kan gyaɗa, in magariba ta yi bayana kamar zai tsinke, ke kuma lokacin idonki yake buɗewa. Sai na koma tsoratarwa. In ce ga Dodo nan a bayan rumbu, in ce kura tana zagaye tana neman yaran da ba su yi barci ba. Wani lokaci har in miƙa hannu in ƙwanƙwasa ƙyauren ɗaki in ce, "Kin ji ko? Ya iso." Sai ki yi tsit, ki runtse ido. Ni a zatona barci ne. Ashe kwance kike kina rawar jiki, kina sauraron ƙyaure. Me na samu? Fitsarin kwance har kika shiga firamare. Kuma har kika yi aure ba kya zuwa banɗaki bayan isha sai da rakiya, kada ma ki musa, ni nake rakiyar. Yaron da aka tsorata zai yi shiru, amma ba hutawa yake ba. Kada ki kira wa Nasiru Dodo, kada ki bari wani ya kira masa, ko wane ne, ko a gidan wa kuke. Tsoron da yake ciki ya ishe shi.

Sai maganar magani, don na ji Hajiya tana cewa in ya dame ki a Minna ki ɗan ba shi na mura, yana sa barci. Ki saurare ni da kyau. Na taɓa ba ki. Wata maƙwabciyarmu ce ta koya min, na aika kemis aka sayo, na ba ki cokali, na ga shiru, washegari na ƙara. Ranar da na ƙara hannu, gari ya waye, rana ta take, kina kwance. Na ɗaga hannunki ya faɗi yaraf. Na yayyafa miki ruwa, ko gezau. Haka na saɓe ki a kafaɗa ko mayafi babu, na yi asibiti. Ma'aikaciyar da ta karɓe ki ta tambaye ni me na ba ki, na faɗa, ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, barci kike so ta yi ko tafiya?" Allah ya dawo min da ke. Maganin da likita bai rubuta wa yaro ba, ba ya shiga bakinsa don uwa ta gaji. In kin ga yana yawan susa, ko jikinsa da zafi, ko numfashinsa yana sarƙewa in ya kwanta, ki kai shi a duba shi. Wannan shi ne aikin asibiti. In kuwa lafiyarsa ƙalau, to ke ce maganin, babu wani.

Kin san wa ya koya min yadda ake yi? Babanku. Bayan abin asibitin nan bai yi min faɗa ba, ko kalma ɗaya, abin da ya fi faɗan ciwo. Sai kawai ya fara rufe shago da wuri. In ya dawo daga sallar magariba ya ce a ba ki tuwo tun da ɗumi, a wanke miki jiki, a sa miki rigar kwana. Bayan isha ya rage fitila, ya ɗora ki a kafaɗa yana zagaya tsakar gida yana karatunsa ƙasa-ƙasa. Ya kwantar da ke, ya tofa addu'a a tafin hannu ya shafe ki daga kai zuwa ƙafa, ni kuma in yi miki tatsuniya, wadda babu Dodo a ciki. Kullum haka, ba ya sauya tsari, ko baƙi aka yi. Abokansa na majalisa suka sa shi gaba, wai Malam ya zama mai raino. Ya ce musu, "'Yata ce ai, ba ta maƙwabta ba." Tun kina turjewa har ya zama da an shafa miki addu'a kin fara hamma. Jikin yaro yana gane abin da ke zuwa in kullum iri ɗaya ne.

To ki yi wa Nasiru haka. Da rana ki bar shi ya yi gudu, ya yi wasan ƙasa, ya gaji. In zai yi barcin rana ya yi bayan azahar, amma kada ki bar shi ya kwashe la'asar yana barci don ki samu ki yi aiki, da dare za ki biya. Ki saukar da gidan sauro, ki rage haske. Ki tafi da tabarmarsa da yake kwana a kai da tsohon zaninki da yake riƙewa, kada ki ce sun tsufa za a yi miki dariya a birni. A ɗakin da bai sani ba, gara ya sami abin da ya sani.

Yanzu zan taɓa maigidanki. Na san ba a san suruka da maganar suruki ba, to yau an sani. Mutumin kirki ne, ina alfahari da shi. Amma na ga abin da yake yi. Sai kin sha wahala yaro ya fara lumshe ido, shi kuma ya shigo da shayi da burodi, ya ɗaga shi sama yana cilla shi, ya ɗura masa shayi, ya miƙa masa waya yana kallon wasan yara, haske na dukan idonsa. In yaro ya wartsake sai ya ja bargo ya juya baya, ya ce, "Hafsatu, ki lallashi ɗanki, da safe zan fita." A'a. Shayi da waya su tsaya da rana. In yana son wasa da ɗansa ya dawo da wuri, in kuma ya makara ya shigo a hankali. Kuma ki faɗa masa, cikin ladabi amma a fili, cewa in kin haihu ba za ki iya da biyu ke kaɗai ba. Kafaɗarsa ba ta fi ta babanku daraja ba. In kin kasa faɗa, ki miƙa masa takardar nan ya karanta wannan wurin da kansa, ni na ɗauki nauyin abin da na rubuta.

Na san gajiyarki gaskiya ce, Hafsatu. Ban raina ta ba. Za a yi yammacin da za ki zauna a bakin gado kina kuka yana kuka, kina cewa Inna ta cuce ni. Ki faɗa, na yafe tun yanzu. In kin ji ranki ya ɓaci har hannunki na ƙaiƙayi, ki ce masa, "Ina zuwa," ki fita ki sha ruwa, ki yi alwala, ki dawo. Kuma in haihuwa ta matso, ni zan zo Minna in zauna miki, in yi miki wanka, in yi girki, in yi wanki, har ki yi arba'in. Wannan taimakon zan yi, da gudu ma. Amma in zo in same shi a wurinki ne, ba in raba ki da shi ba.

A Minna babu wanda za ki yi wa alkunya. Babu Hajiya, babu ni. Ki kira sunan ɗanki da ƙarfi, ki ɗora shi a cinya, ki sumbace shi a gaban kowa. In kun dawo ganin gida ma ki ci gaba, wanda ya ce ba ki da kunya ki turo min shi Yalwa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko babanku. Ranar da Iya ta rasu, bayan an dawo daga maƙabarta, Auwalu ya shigo cikin gida. Lokacin magidanci ne, da 'ya'yansa. Ina zaune a tabarma cikin masu karɓar gaisuwa. Ya durƙusa a gabana, ya yi min gaisuwa yadda ake yi wa kowa, hawaye na zuba, sai ya ce, "Yaya, yau na zama maraya." Ba da nufin ya ɓata min ya faɗa ba. Iyakar gaskiyarsa ke nan. Na ce masa, "Sai haƙuri, Allah ya jiƙanta." Matan da ke wurin suka ce Allah sarki, babu wadda ta ga wani abu a ciki. Yana min alheri, ba na rasa masara, ba na rasa atamfar Sallah. Amma in ransa ya ɓaci ba ƙofata yake zuwa ba. An yaba min kara, ga abin da na samu.

Kada ki zaci ba na son Nasiru a gidan nan. Tun rasuwar babanku, in na rufe ƙofa bayan isha ba na jin motsin kowa sai na kaji. Ranar Juma'ar nan da kuka tafi, tuwon da na tuƙa da sunansa haka ya kwana a kwano. Da don kaina ne, da tuni na karɓe shi, na toshe kunne. Ba don kaina ba ne.

Hanyarku ta Rano za ta biyo. Ki sa a kira ni in kun taso daga Durba, zan fito bakin titi in jira ku. In ya yi barci a mota ki tashe shi, ina so in yi masa sallama ido biyu, in ce masa Inna tana nan Yalwa, shi kuma zai tafi da Ummansa. Amma in ya miƙo min hannu, kada ki sake shi. Ki riƙe shi da kyau, ki ce wa direba ya ja. Na san kaina, in ya shigo hannuna ban tabbata zan iya mayar miki da shi ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya sauke ku lafiya. Allah ya tsare gabanku da bayanku, ya haɗa ku da maƙwabta nagari, ya sauke ki lafiya in lokaci ya yi. Allah ya ba Nasiru barci mai daɗi, ya sa kullum ya buɗe ido ya gan ki. Ki gaishe da maigidanki. Ki gaishe da Hajiya da kyau, ki ce mata ni ce na hana, ta zo ta yi faɗan da ni.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Inna.